Gero, Tama da Gishiri: Abin da Ya Riƙe Ƙasar Adar Kafin Zuwan Nasara

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a makarantunmu ya san yadda ake karantar da labarin Adar. Akan fara da Kanta na Kabi, a gangaro kan Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak wanda ya karɓe ƙasar daga hannun Kabawa a shekarar 1674, a ratsa jihadin 1804, a ƙare da zuwan Faransawa Tawa a farkon ƙarni na 20. Yaro ya hardace sunaye da shekaru, ya ci jarrabawa, ya tashi bai san abin da waɗannan sarakuna suke ci ba, balle wanda ya ƙera mashin da suka yi yaƙi da shi. Alhali kuwa ba a hawa doki da yunwa. Abin da wannan maƙala take son tunatar da malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu shi ne, a ƙarƙashin tarihin sarauta akwai wani tarihi wanda ya girme shi, wato na manomi da maƙeri da falke. Wannan tarihin ne ya fi saurin ɓacewa, domin ba shi da maroƙa, kuma masu riƙe da shi a ka suna ta ƙarewa.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta sama ba. A kudu maso gabashin Turai, a ƙasar da ake kira Bulgariya a yau da maƙwabtanta, an yi wata al'umma da ake ce wa Tirasawa, waɗanda ba su bar littafin tarihi da harshensu ba. Maƙwabtansu Girkawa ne suka ba da labarinsu. Herodot, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya nuna cewa manyansu sun ɗauki noma aikin ƙasƙanci, cin abinci da bakin mashi kuwa shi ne daraja. Wasu marubutan Girka kuma suka ce bayi suke bayarwa a ba su gishiri. Haka duniya ta san su shekaru aru-aru, har a 1949 aka tono kwanoni tara na zinariya a Panagyurishte, nauyinsu ya haura kilo 6, aka shiga tonon garuruwa da kasuwanninsu, sannan aka gane cewa bayan mayaƙan nan akwai manoma da masu hannu da ƴan kasuwa. Duk wanda ya san Adar zai ji wannan labari kamar na gida: mayaƙi mai raina hauya, gishiri mai tsadar da ake musanya shi da mutum, da tarihin da baƙo ya rubuta.

Ƙasa tsakanin ƙasashe biyu

Adar tana kwance ne tsakanin Azawak ta makiyaya a arewa da Kwanni da Gobir a kudu. Ba shimfiɗa ɗaya ba ce. A gabas da kudu akwai Dutsi, tuddai masu baƙin dutse waɗanda kwaruruka suka tsattsaga, kamar na Keita da Badagishiri da Majiya. A yamma da arewa, wajen Bambai da Tebaram da Takanamat da Afala, rairayi ne ya fi yawa, rijiyoyi suna da zurfi, damina kuma gajeruwa ce. Manomin Adar yana da suna ga kowane irin wuri: jigawa ta gero, fadama ta dawa da auduga da albasa, faƙo kuwa ƙasa ce da ta taurare har ruwa yana gudu a kanta ba ya shiga. Wannan rabe-rabe ilimi ne cikakke, kuma shi ne ya sa gida guda yakan nemi gona a jigawa ya kuma nemi wata a fadama, domin in ruwa ya yi ƙaranci fadama ta cece shi, in ya yi yawa jigawa ta fisshe shi.

Geron da ake shukawa a nan ba baƙo ba ne. Masu tonon kayan tarihi sun sami sawun geron gida a jikin tsofaffin tukwane a kwarin Tilemsi, a arewacin Mali, wanda ya kai shekaru kusan 4,500, binciken ƙwayar halittar gero da aka wallafa a 2018 shi ma yammacin Sahara ya nuna. Ma'ana, mutanen wannan sashe na duniya ne suka ɗauki ciyawar daji suka yi ta zaɓen iri har ta zama abinci, a lokacin da Sahara ke bushewa jama'a suna gangarowa kudu da shanunsu. Daga nan gero ya bazu har ya kai Indiya.

A Adar, tarihin baka yana kiran mazaunan farko Azna, har ana ambaton Aznan ramu, waɗanda aka ce a kogunan duwatsu suka fara zama. Tsarinsu na gado ne: wannan zuriya ta mahalba ce, waccan ta manoma, wata ta maƙera, kowace da aikinta da sirrinta da abin da ta ƙi. Baƙo in ya zo neman wurin zama, ko da sarki ne da dawakai, sai ya bi ta hannun masu ƙasa kafin gatari ya taɓa itace. Shi ya sa sarauta ta sha canza hannu, daga Kabawa zuwa zuriyar Agabba a Birnin Adar sannan Ilela, amma buɗin daji da al'adun shuka suka daɗe a hannun tsofaffin gidaje.

Aikin gona kansa a kan gandu aka gina shi. Maigida da ƴaƴansa da barorinsa suna aikin gandu, hatsinsa ya shiga babban rumbu wanda ba a buɗe shi sai da izini. Mata da samari kuma suna da gamana, wadda amfaninta nasu ne. In aiki ya fi ƙarfin gida a kira gayya. Manomin da ya yi fice har ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya rabar da abin da ya tara, ya fito da sunan sarkin noma. A nan za a ga cewa a wurin magabata daraja tana ga ciyarwa. Kayan aiki ma ƙasa ce ke zaɓensu: a rairayi doguwar hauya ake turawa a tsaye, ta yanke ciyawa ba ta juya ƙasa iska ta kwashe ba, a ƙasa mai nauyi kuwa sai an duƙa da gajeruwa. A gangaren Dutsi akan jera duwatsu a tare ruwa, abin da ake kira gandari. Akan bar gawo a tsakiyar gona, domin shi da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Manyan rumbunan laka da har yau ke tsaye a garuruwan Adar shaida ne cewa an san shekara mai kyau ba ta biyo ƴar'uwarta kullum.

Wuta da tama

Hauya ba ta tsirowa a gona. Ƙasar Nijar tana cikin wuraren da aka daɗe ana aikin ƙarfe a Afirka: a Termit an tabbatar ana narkar da tama tun cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a yankin Agadas kuma an sami tsofaffin wuraren aikin jan ƙarfe na wannan zamani. Da matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda a 1353, ya tarar ana zuba jan ƙarfe sanduna-sanduna, sirara ana sayen nama da itace da su, masu kauri ana sayen hatsi da man shanu da bayi, ana kuma kai su Gobir da Barno. Masana da yawa suna ganin kufan Azelik, kusa da Tegidda, shi ne Takadda ɗin.

Adar ba ta da jan ƙarfe, amma Allah ya ba ta tama a kan tuddanta. Da rani, bayan an kai amfanin gona gida, maƙeran baƙi sukan fita daji su tono tama, su ƙona gawayi na itace mai ƙarfi, su gina murhun laka, su kwana suna gadin wuta har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Aiki ne mai sharuɗɗa: ana kame kai daga iyali, ana yanka, ana kiyaye baki. Nicole Echard, Bafaranshiya mai binciken al'adu wadda ta daɗe tana aiki a Adar, ta ɗauki fim ɗin wannan aiki a ƙarshen shekarun 1960, ta sa masa suna Noces de feu, wato auren wuta, saboda maƙeran da kansu da harshen aure da ciki da haihuwa suke siffanta shi. A lokacin ma sana'ar tana gab da mutuwa.

Daga curin ƙarfen nan ake fitar da hauya da gatari da lauje da magirbi da gizago, da kuma mashi da kan kibiya da linzami. Saboda haka maƙeri yana tsakiyar komai: manomi ba ya shiga damina sai da shi, sarki ba ya fita yaƙi sai da shi. Sau da yawa ba a biyansa nan take. Yakan gyara kayan gida duk damina, da kaka a kai masa damunansa. Wannan bashi ne na amana wanda babu takarda a cikinsa. A ɓangaren Abzinawa kuma akwai Inadan, masu ƙera takobi da sirdin raƙumi da kayan azurfa, matansu suna aikin fata.

Sauran sana'o'i duka daga abin da ƙasa ta bayar suka taso. Audugar fadama mata ke gurzawa su kaɗa da mazari, masaƙa su fitar da sawaye, marina su turo da baba. Majema suna jeme fata da ƴaƴan bagaruwa, itacen da garin Bagaruwa ke ɗauke da sunansa, dukawa su ɗinka takalma da jakunkuna da guga da salka. Fatar jar akuya ta ƙasashen Sakkwato da Maraɗi ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta iso musu. Magina tukwane da masaƙa tabarmar kaba da masassaƙa turmi da akushi, kowa da ranar kasuwarsa.

Hanyar gishiri

Abin da Adar ba ta da shi, kuma ba ta iya zama sai da shi, shi ne gishiri. Mutum yana buƙatarsa, dabba ta fi shi buƙata. Daga Tegidda-n-Tesemt, arewa da Ingal, ake kawo wanda ake shanyawa a ƙananan ramuka, wanda makiyaya suka fi so. Daga Bilma da Fashi ake kawo kantu da beza, ta hannun ayarin Abzinawa masu ƙetare Tenere da dubban raƙuma. Daga kudu maso yamma kuma gishirin Foga ke hawowa. Abin lura shi ne, mutanen Bilma da Ingal ba su noma geron da zai ishe su, makiyayan Azawak ma haka. Ashe kowane kantu da ya sauka kudu, gero ne ya hau arewa a madadinsa. Rumbun manomin Adar yana cikin abin da ya riƙe ayarin Sahara.

Kudu kuma tufafi ke fitowa. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Agadas a 1850 ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da riyal guda ke daidai da wuri kusan 2,500. Turkuɗin Kura da Ba'abzine ke naɗawa a kansa a ƙasar Kano aka rina shi aka buga. Goro daga Gwanja yake tasowa. Tsakanin waɗannan iyakoki Adar ta zama mahaɗa, Tawa kuma, wadda ta tashi daga tsofaffin unguwanni biyu, Bilbis da Fakawa, ta zama wurin da mai raƙumi da mai jaki ke gamuwa.

Fatauci yana da tsarinsa. Madugu ke jagorancin ayari, shi ya san rijiyoyi da zango da wanda za a biya kuɗin hanya. A gari falke yana sauka gidan maigidansa, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Dillali ya karɓi la'adarsa. Awo da mudu ake yi, biya kuwa da wuri ko sawaye ko hatsi. Akwai kuma cinikin da ba ya shiga kasuwa: bayan girbi makiyayi ya sauka da garkensa a gona, ya bar taki, a ba shi hatsi da ruwan rijiya, shi kuma ya ba da nono da cuku. Da yawa daga Adarawa sun bi waɗannan hanyoyi sun zauna a kudu, har yau ana jin sarautar Sarkin Adar a Dundaye da cikin birnin Sakkwato.

Gumin wa?

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. Wannan arziki ba duka aka tara shi da yardar masu aikin ba. A ƙarni na 19, bayan rikice-rikicen zamanin Muhammadu Jelani da Ibra, ikon Sarkin Adar ya ragu. Kel Geres suka yi ƙarfi a kudanci, Iwillimidan Kel Dinnik suka mamaye arewaci. Garuruwa da yawa sun riƙa ba da hatsi don a bar su lafiya, wasu suka hau kan duwatsu suka yi ganuwa. Bayi ne suke ɗibar ruwa da kiwo da daka a zangon manya, akwai ƙauyuka sukutum na bayi masu noma, kuma in fari ya yi tsanani bawa yana cikin abin da ake sayarwa a sami hatsi. Masu arzikin Hausawa su ma sun mallaki bayi a gandayensu. Benedetta Rossi ta bi diddigin wannan al'amari a Adar a littafinta na 2015. Dokar Faransa ta 1905 ta hana cinikin mutane, amma tabon ya daɗe: sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta kama gwamnati da laifin kasa kare wata mata daga yankin Kwanni. Malamin da ya koyar da ayarin gishiri ya tsallake wannan babi, rabin darasi ya bayar, kuma a cikin ajinsa akwai jikokin kowane ɓangare.

Yadda igiyar ta tsinke

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, abin da ya tilasta wa Faransawa bin hanyar Filinge da Tawa mai ƙarancin ruwa kafin su kai Damagaram. An gyara iyakar a 1904 da 1906, amma ta riga ta raba Adar da manyan kasuwanninta na kudu. Aka ɗora haraji da kuɗin Nasara, aka riƙa kama raƙuma da mutane don aikin tilas, wanda bai ƙare ba sai 1946. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya fuska zuwa teku. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta sami jama'a rumbuna sun riga sun yi sauƙi. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da ta biyo baya suka karya Abzinawa da garkunansu. Sannu a hankali ƙarfen tsofaffin motoci ya kashe murhun tama, yadin kanti ya kwantar da masaƙa, gishirin teku ya shigo a buhu. Matasan da kakanninsu ke tafiya da kaya suka koma tafiya da ƙarfinsu kaɗai: bida ta kai su Kano da Legas da Akara da Abijan, daga baya har Libiya.

Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don kare makiyaya, amma yawan jama'a da farin 1973 da na 1984 suka sa gonaki suka yi ta hawa, burtali ya ƙuntata, tsohuwar yarjejeniyar taki da hatsi ta koma ƙarar ɓarna a gaban hakimi. Wannan ba baƙon labari ba ne ga mutanen Tebaram da Takanamat, waɗanda ke zaune a bakin wannan iyaka.

Da tsohuwar zuma

Abin mamaki, da aka tashi gyara, kan ilimin da aka raina aka koma. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya, jeren duwatsu da tare ruwa da dashen itace ne ginshiƙinsa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. A 1989 wasu manoman Ilela suka ziyarci Yatenga a Burkina Faso, suka dawo suka inganta tassa, wato ramukan shuka da ake zuba wa taki, har faƙon da aka yasar ya koma ana saye da sayarwa. Albasar Galmi da ta cika kasuwannin Akara da Abijan ɗiyar fadamar nan ce. Rufe iyakar Najeriya a 2019 da kuma a 2023 ya sake nuna abin da madugai suka sani tun da: Adar da numfashin hanya take rayuwa.

To, mene ne namu? Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya wallafa tarihin Adar kafin mulkin mallaka a 1975, Echard ma ta fitar da nata kan manoman Adar a wannan shekara. Amma da Faransanci suke, kuma kaɗan ne daga ɗalibanmu suka taɓa riƙe su. Fassara su, ko da babi-babi ne, aiki ne da ƙungiyoyinmu za su iya. Na biyu, kowane malami yana iya tura ɗalibansa lokacin hutu wurin tsohon maƙeri ko majemi ko wadda ta iya kaɗi, su rubuto sunayen kayan aiki da irin gero da na rijiyoyi da zangon ayari, da Adaranci yadda aka faɗa musu, ba tare da an gyara shi ya koma Kananci ba. Na uku, tarin kashin tama da ke warwatse a dajinmu da tsofaffin kufai ba shara ba ne. A san inda suke, a sanar da IRSH a Yamai, a roƙi masu gari kada a kwashe su a cike hanya. Na huɗu, a gayyaci manomi da makiyayi su zauna gaban aji ɗaya su faɗi yadda iyayensu suke shirya saukar garke a gona.

Kalmar da ba a rubuta ba tana bin mai ita kabari. Yau akwai sauran waɗanda suka ga hayaƙin murhun tama da idonsu suna yara, akwai waɗanda suka bi jaki zuwa Sakkwato da ƙafa. Duk malamin da ke da irin wannan dattijo a garinsu, ya ɗauki alƙalami ya je gaishe shi kafin damina mai zuwa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.